Daga "workhouse" zuwa "care home": wace kalma za ka ɗauka in kana nufin gidan tsofaffi a Turanci?

Wanda ya buɗe ƙamus yana neman Turancin gidan tsofaffi zai tarar da kalmomi sun haura goma, an jera su kamar 'yan ɗaki ɗaya: "almshouse", "workhouse", "poorhouse", "rest home", "old people's home", "nursing home", "care home" da sauransu. Kama da wane kuwa ba ta wane. Kowace da dokar da ta haife ta, da wanda ke biyan kuɗin zaman, da irin mutanen da ake kaiwa wurin. Wata zagi ce a kunnen tsohuwar Baturiya, wata ta mutu a Landan amma tana nan daram a Niyu Zilan, wata kuma ma'anarta a Ingila kishiyar ma'anarta ce a Amurka.

Masu fassara labarai na cin karo da wannan, haka ɗaliban tarihi da adabi. Ga kuma 'yan Najeriya da suka shiga aikin kula da tsofaffi a Birtaniya tun da aka buɗe wa aikin ƙofar biza a Fabrairun 2022, kafin a rufe ta ga sababbin masu nema daga waje a Yulin 2025. Da yawansu sun tafi da Turancin makaranta da na jaridun gida, wanda ya adana kalmomin da masu harshen suka daɗe da jinginewa. Kafin ka zaɓi kalma, tambayi kanka abu uku: a wace ƙasa gidan yake, a wace shekara, kuma akwai nas a bakin aiki dare da rana ko babu?

"Workhouse": kalmar da ba a wasa da ita

Tun 1601 aka ɗora wa kowace gundumar coci a Ingila nauyin ciyar da matalautanta daga harajin da take karɓa. A 1834 majalisa ta yi wa dokar garambawul. Aka haɗa gundumomi rukuni-rukuni, kowane rukuni da babban gidansa, mai neman taimako kuma ya shigo ciki ya zauna. Da gangan aka tsananta zaman, don kada ya fi rayuwar lebura mafi ƙarancin lada daɗi, ta yadda sai wanda ya rasa tudun dafawa ne zai ƙwanƙwasa ƙofar.

Daga shiga ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta, a karɓe tufafin mutum a ba shi na gidan. Masu sauran ƙarfi su fasa dutse, ko su zauna suna warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa mai kwalta da yatsu. A garin Andover, a 1845, aka gano waɗanda aka sa niƙa ƙashi domin taki suna gwaguyar ragowar naman jikin ƙashin saboda yunwa. Daga 1847 aka yarda ma'auratan da suka haura shekara 60 su nemi ɗaki ɗaya, sai dai ba kowane gida ya tanadi ɗakin ba.

Abin da ya ɗaure kalmar da tsufa shi ne, kafin ƙarshen ƙarni na 19, tsofaffi da marasa lafiya ne suka fi cika gidajen. Fanshon gwamnati bai zo ba sai da dokar 1908, sule biyar a mako ga wanda ya kai shekara 70, aka fara biya a Janairun 1909. Kafin nan, leburan da ƙarfinsa ya ƙare kuma babu ɗan da zai riƙe shi ya san inda zai ƙarasa.

Hukuma ta yi ta sauya sunan ko warin zai gushe. A 1913 ya koma "Poor Law Institution", a 1930 ya koma "Public Assistance Institution" a hannun ƙananan hukumomi, a 1948 aka soke dokar talakawan baki ɗaya. Tun 1904 ma aka daina rubuta sunan a takardar haihuwar jaririn da aka haifa a ciki, sai a sa lambar gida da sunan titi. Jama'a dai ba su fasa kiransa da tsohon sunansa ba, domin ginin bai gusa ba. Shi ya sa har yau za ka sami ɗan shekara 90 da ke ƙin kwanciya a wani asibiti saboda ya san me ginin yake a zamanin kakarsa.

Don haka wannan kalma ta tarihi ce kawai. Kada ka kira gidan da ke aiki a yau da ita, ko da raha. In labarin na Sikotland ne, "poorhouse" ce daidai, bisa dokarsu ta 1845, kuma can tun farko majiya ƙarfi ba su da haƙƙin tallafin, gidajen na marasa lafiya da gajiyayyu ne. A Ireland an yi "workhouse" daga 1838, bayan samun 'yanci a shekarun 1920 da yawa suka koma "county home".

"Almshouse": mutunci a Ingila, abin kunya a Amurka

"Alms" sadaka ce, kuma Bahaushe na da kalmar da ta hau wannan gida daidai: waƙafi. Attajiri ko limamin coci ko ƙungiyar masu sana'a su gina 'yan ɗakuna kewaye da tsakar gida, su bar gona ko gidajen haya da za a riƙa gudanar da wurin da kuɗinsu har abada. Wani tsohon sunansa "bedehouse", daga "bede" mai nufin addu'a, domin sharaɗin zama shi ne mazauna su riƙa yi wa mai waƙafin addu'a.

Kalmar ta tsufa amma ba ta mutu ba. Gidan St Cross a Winchester, wanda Bishop Henry na Blois ya kafa a shekarun 1130, yana aiki har yau, kuma matafiyin da ya roƙa a ƙofa ana miƙa masa gutsuren burodi da ɗan kofin giya kamar yadda aka saba tun farko. Charterhouse a Landan na karɓar tsofaffi tun wasiyyar Thomas Sutton ta 1611. Ƙungiyoyin waƙafi kimanin 1,600 ne ke riƙe da irin waɗannan gidaje a Birtaniya, da mazauna kimanin 36,000.

Ga tarko biyu. Na farko, yawancin tsofaffin gidajen nan suna ɗauke da kalmar "Hospital" a sunansu, a tsohuwar ma'anarta ta masauki. Royal Hospital Chelsea, wanda Sarki Charles na biyu ya kafa a 1682, mazaunin tsofaffin sojoji ne masu jajayen riguna, wanda ya fassara shi da asibitin sarki ya ɓatar da mai karatu. Na biyu, "almshouse" wurin zama ne ga mai iya ɗawainiyar kansa. Ba a yi wa kowa wanka, ba a ba shi magani a baki. Mazaunin ba ɗan haya ba ne a idon doka, yana ba da gudummawar gyara ne duk mako, kuma takardar waƙafin na iya taƙaita wurin ga mutanen wata unguwa ko tsofaffin masu wata sana'a.

Tsallaka Amurka kuwa, "almshouse" da "poorhouse" da "poor farm" duk abu ɗaya ne: gidan hukuma inda ake tara matalauta da masu taɓin hankali da tsofaffi wuri guda. Asibitin Bellevue na New York daga irin wannan gida ya samo asali a 1736. Kenan "almshouse" ɗin Amurka ɗan'uwan "workhouse" ɗin Ingila ne. Dokar walwala ta 1935 ce ta karya shi, domin ta hana biyan tallafin tsufa ga wanda ke zaune a gidan hukuma. Tsofaffi suka kwashe zuwa gidajen 'yan kasuwa da ke karɓar kuɗin tallafin, daga nan kasuwar "rest home" da "nursing home" ta buɗe.

Kalmomin tsakiyar ƙarni na 20

"Old people's home" ita ce ta fi yawo a Najeriya, kuma a nan ba ta da aibi, hukumomi ma na sa ta a allon ƙofa. A Birtaniya kowa zai gane ta, amma ta tsufa, ba za ka gan ta a takardar aiki ba. "Old folks' home" ta fi ta sakaci, ta hira ce, wani lokaci da ɗan raini. "Old age home" kuwa Turancin Indiya da Afirka ta Kudu ce ta yau da kullum. "Home for the aged" ta daɗe a dokokin lardin Ontario na Kanada, sai da dokar 2007 ta fara aiki a 2010 aka mayar da su duka "long-term care home".

In kana karanta takardun Ingila na bayan yaƙin duniya na biyu za ka ga "Part III accommodation". Ba sashe na uku na wani gini ba ne. Kashi na uku ne na dokar tallafin ƙasa ta 1948, wanda ya wajabta wa ƙananan hukumomi samar da masauki ga masu buƙatar kulawa saboda tsufa ko rauni. A shekarar aka raba gadon "workhouse" gida biyu: ɗakunan marasa lafiya suka koma hannun hukumar lafiya ta NHS kyauta, sauran suka zama gidajen ƙaramar hukuma inda ake duba aljihun mutum kafin a yanka masa abin biya. Wannan tsaga tana nan har gobe, ita ce tushen rigimar kuɗin da za mu zo kanta.

"Rest home" ce ta fi rikita mutane. A Ingila ta zama tsohon yayi, tana tuna wa mutum manyan gidajen bakin teku da aka mayar masaukin tsofaffi, kodayake wasu gidajen sun bar ta a allonsu. A Niyu Zilan ita ce kalmar hukuma, matakin kulawa ne na ƙasa da na asibiti. A jihar Massachusetts ta Amurka har yanzu rukunin lasisi ne. A Ostareliya kuwa an yi "hostel" ga masu ƙaramar buƙata da "nursing home" ga masu babba, dokar 1997 ta haɗe su a "residential aged care".

Akwai kuma sunayen lallashi. "Eventide home", wato gidan maraicen rayuwa, na ƙungiyoyin addini ne irin su Salvation Army da Cocin Sikotland. "Sunset" da "twilight" duk wannan hoton faɗuwar rana ne, kuma yau an fi faɗinsu da ba'a. Mutanen zamanin Sarauniya Victoria ba su da wannan kara: sun kafa asibitin "Incurables", marasa warkewa, a 1854, wanda ke unguwar Putney a Landan, kuma sai a 1995 ya ɗauki sunan da yake da shi yanzu. In ka ga "decayed gentlewomen" a tsohuwar takarda, ba ruɓaɓɓu ake nufi ba, 'ya'yan manya ne da arziki ya guje wa.

Wasu kalmomi huɗu na kutsowa cikin jerin alhali ba gidan tsofaffi suke nufi ba. "Asylum" gidan masu taɓin hankali ne, doka ta sauya sunan a 1930, yau kuma in an faɗe ta mafakar siyasa ake ji. "Sanatorium" na masu tarin fuka ne. "Convalescent home" wurin murmurewa ne na 'yan makonni bayan tiyata ko doguwar jinya, magajinsa a Ingila shi ne "intermediate care" ko "reablement", wanda ake bayarwa kyauta har mako shida. Sai dai a California wasu gidajen jinyar tsofaffi na nan da sunan "convalescent hospital". "Hospice" kuma, tun da Cicely Saunders ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, wurin sassauta wa mai ciwon ajali raɗaɗi ne, yaro ko babba. 'Yan Nijar su lura, a Faransanci wannan kalma tsohon gidan gajiyayyu take nufi, wanda yau a Faransa ake kira "maison de retraite" ko EHPAD.

Inda zaɓin kalma ke taɓa aljihu

A Ingila ta yau kalmar doka ita ce "care home", tun dokar 2000 da ta fara aiki a 2002, kuma CQC, hukumar sa ido kan ingancin kulawa, ce ke yi musu rajista da dubiya tun 2009. Kashi biyu ne. "Care home without nursing", wanda baki ya fi sabawa da kira "residential home", yana ba da ɗaki da abinci da wanka da sa tufafi da kai mutum banɗaki da miƙa magani. In ana buƙatar allura ko wanke gyambo, nas ce ke zuwa daga waje ta yi ta tafi. "Care home with nursing", wato "nursing home", yana da nas mai rajista a bakin aiki awa 24. Nan ake kai wanda ake ciyarwa ta roba a ciki, ko mai gyambon kwanciya da ya yi zurfi, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko mai ciwon da ke sauyawa cikin dare.

Na biyun ya fi tsada, amma NHS na biyan wani tsayayyen kaso duk mako kai tsaye ga gidan domin aikin nas, bayan an auna mutum an ga yana buƙata. Sauran kuɗin kuwa ana duba dukiya: wanda ke da abin da ya haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, wanda ke ƙasa da fam 14,250 ba a lissafa ajiyarsa sai kuɗin shigarsa, na tsakani kuma a raba. Waɗannan alƙaluman na Ingila ne kaɗai, Sikotland da Wales da nasu.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne iyali su kira kowane gida "nursing home", su zaɓi mai sauƙin kuɗi suna zaton da nas a ciki. Bayan watanni jikin tsohon ya ƙara rauni, gidan ya ce buƙatarsa ta fi ƙarfinsu, ya ba da wa'adin tashi. Sauya wa mai cutar mantuwa ɗaki da fuskoki kuwa na ƙara ruɗa shi. Maganin abin shi ne a karanta rajistar gidan a shafin CQC maimakon allon ƙofa, a kuma fi karkata ga gidan da ke da ɓangarorin biyu in ana hangen lalurar za ta ƙaru. Tsofaffin ma'aikata na kiran irinsa "dual registered", ragowar yaren dokar 1984.

A Amurka "nursing home" na nan a baki, takarda kuma na cewa "skilled nursing facility". Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ta biyan zaman dindindin. Iyakarta kwana 100 bayan an kwantar da mutum a asibiti kwana uku, kwana 20 na farko ne kawai babu ko sisi daga aljihunsa. Dogon zama sai Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, bayan dukiyar mutum ta kusa ƙarewa. "Assisted living" ɗinsu ya fi kusa da "residential home" ko "extra care" na Ingila. "Sheltered housing" na Birtaniya kuwa gidan mutum ne da makullinsa, da igiyar ƙararrawa a bango, ba gidan kulawa ba ne sam.

Kalmomin cikin gida

Nan sabon ma'aikaci ya fi tuntuɓe. "Inmates" ake kiran mazauna "workhouse", jaridun Najeriya kuma har yanzu na amfani da ita ga mazauna gidan marayu da na tsofaffi. A Birtaniya fursuna take nufi. Ka ce "residents". "Patients" ma ta asibiti ce. Shugabar gida ba "matron" ba ce kamar yadda aka saba a asibitocinmu, doka ta san "registered manager". "Warden" na "sheltered housing" ya koma "scheme manager". Wanda ya yi karatun nas a gida amma bai sami lambar NMC, hukumar rajistar nas-nas ta Birtaniya, ba, "care assistant" ne, kiran kansa "registered nurse" laifi ne a doka.

"EMI unit" na nan a bakin wasu da tallan wasu gidaje, amma cikakkiyar ma'anarta, tsofaffi masu raunin hankali, ta sa ake cewa "dementia unit". "Senile" ta bi ta, kamar yadda gigin tsufa ke da kaifi in aka faɗe shi a gaban 'ya'yan mutum. "Geriatric" halal ce ga fannin likitanci, wanda Ignatz Nascher ya raɗa wa suna a 1909, Marjory Warren kuma ta raya a Ingila daga 1935 lokacin da aka miƙa mata marasa lafiya sama da 700 na wani tsohon "workhouse" ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Amma kiran mutum "a geriatric" zagi ne. Duk kalmar da ke mayar da dattijo jariri an kore ta: "nappy" ta koma "pad", "bib" ta koma "clothes protector", "cot sides" ta koma "bed rails". Mai dubiya daga hukuma na karanta bayanan da ma'aikata ke rubutawa kullum, kuma irin waɗannan kalmomi na shiga rahotonsa.

In za a juya zuwa Hausa

Gidan gajiyayyu na ɗauke da talauci da rashin gata, don haka ya hau "workhouse" da "poorhouse" da "almshouse" na Amurka. Bai hau "care home" ba, inda mai gidan kansa ke sayar da gidan ya biya kuɗin zama. A nan gidan kula da tsofaffi ya fi, ko gidan kula da dattawa in ana son tausasawa. "Nursing home" gidan jinyar tsofaffi ne, kada a sa gidan raino, kada kuma a rikita shi da makarantar koyon aikin nas. "Almshouse" na Ingila gidan waƙafi na tsofaffi ne. "Workhouse" kuwa in aka fassara shi kalma da kalma aka ce gidan aiki, mai karatu zai ɗauka masana'anta ce, gara a ce gidan gajiyayyu na hukuma a ƙara jimla guda da ke bayyana aikin dolen da raba iyali.

Sai kalmar "home" ita kaɗai. In Bature ya ce "we put her in a home", ba gida aka mayar da ita ba, an fitar da ita ne daga gidanta zuwa gidan kulawa, kuma jimlar na ɗauke da nauyin zuciya irin na wanda ke jin ya gaza. "At home" gidanta ne na kanta, "in a home" gidan kulawa ne, "home care" kuma ma'aikaciya ce ke zuwa har gida ta yi mata hidima ta koma, wanda takardun hukuma ke kira "domiciliary care".